Takardar da Na Bar wa Baba Malam a Gude

Laifina ne, gara in faɗa tun yanzu kada wani ya ɗora wa tsohon. Ni na miƙa masa takardar da hannuwana biyu, ina durƙushe, har ina cewa, "Ga ta nan, Baba."

A shekarar ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare a Getso, kullum in taso daga Gwarzo in koma. Ina kuma karatun digiri irin na malamai, wanda ake shiga aji idan an yi hutun makarantu. Na gama komai, saura aikin bincike, kuma na zaɓi abin da ya daɗe yana ƙona min rai. Yaro zai karanto maka shafi guda tas, babu gargada, ka ce masa, "To, me aka ce a nan?" sai ya zuba maka ido kamar ka yi masa wani yare.

Ina da 'yar dabarata da nake son gwadawa. Ba wata abar a zo a gani ba ce: a karanta layi uku ko huɗu, a kife littafi, yaro ya faɗi abin da ya gane da bakinsa, sannan a tambaye shi me yake jin zai faru a gaba, kuma me ya sa. Malamin da ke duba aikina a jami'a, wani dogon mutum da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya ce dabara ba ta zama bincike sai an auna ta. Sai in sami makarantu biyu. In yi wa yaran duka biyun gwaji iri ɗaya tun farko, in koyar da nawa na Getso da sabuwar dabarar na mako shida, in bar ɗaya makarantar yadda take, sannan in sake gwada su a ga waɗanda suka motsa. Ya ɗaga min yatsa ya ce, "Kuma takardar gwajin nan, kada ido ya gan ta kafin ranar. Ko mijinki." Na ce to, har ina jin haushinsa a raina, sai ka ce wata yarinya yake gaya wa.

Makaranta ta biyu ban ko tsaya tunani ba na ce Gude, saboda Baba Malam ne hedimasta a can. Shi ya koya min karatu a aji uku, lokacin yana koyarwa a Gwarzo. Aminin mahaifina ne, kuma da mahaifina ya rasu shi ya tsaya mana. Shi ya bi min takardun shiga makarantar horon malamai da ƙafarsa, shi aka wakilta ya ba da aurena. Ba ya kirana da suna, "'yar nan" yake ce min ko a gaban wa. A lokacin saura masa wata huɗu ya yi ritaya.

To a wajenmu ba a faɗo wa babba da aiki kai tsaye kamar an jefo ka. Sai ka fara zuwa gaisuwa, ka sanar da shi, ya sa albarka. Mako guda kafin gwajin na riƙo masa kwalbar zuma da turare, na hau mota zuwa Kabo, daga nan na hau acaɓa zuwa Gude. Muka gaisa, ya tambayi Inna da ciwon ƙafarta, ya tambayi maigida, ya bi yarana ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ko mun sami ruwan shuka a wajenmu. Sai can na kawo maganar da ta kawo ni. Ya ji daɗi ba kaɗan ba, har ya aika a kira malamai biyu su zo su ga 'yarsa da za ta yi bincike. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "Wane irin gwaji ne? Mu gani."

Wallahi maganar dogon nan ta faɗo min a rai a take. Amma ta yaya? Mutumin da ya kama hannuna ya koya min rubuta sunana, a gaban malamansa, in dube shi in ce a'a? Tunda nake ban taɓa ce masa ita ba. Na buɗe jaka na ba shi. Ɗan labari ne na wani manomi da akuyarsa ta shiga gonar waken maƙwabcinsa, da tambayoyi biyar a ƙasa. Ya sa tabarau ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ninke takardar huɗu ya zura a aljihun gaban rigarsa. Har na yi sallama na fito idona na kan aljihun nan, amma na kasa cewa ya ba ni. A kan acaɓa na dinga lallashin kaina, ai mantawa zai yi, ai da ita za a haɗa a wanke rigar.

Gwajin Getso ya fito yadda na zata, abin ba a cewa komai. Yarana suka yi ta taunar fensir, wasu suka kwafe min tambayar a wajen amsa, wasu suka bar takardar fara fat. Ban damu ba, ai dama shi ya sa nake binciken.

Ranar Gude kuwa tun daga bakin makarantar na ga an yi shiri. An share fili fes, an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa, kayan yara duk a wanke. An dama min fura, an soya zabuwa, Baba Malam ya sha babbar riga. Na raba takardu, ban gama zagaya ajin sau biyu ba hannuwa suka fara tashi, "Malama, na gama." Wata 'yar ƙarama a bencin gaba na lura da ita, ko ɗaga ido ba ta yi zuwa saman takardar inda labarin yake ba, rubutu kawai take zubawa.

Washegari da la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na fara dubawa. Ta farko daidai duka. Ta biyu daidai. Ta goma daidai. Kuma kowace amsa da "domin kuwa" ta fara. Domin kuwa akuyar ta tsinke igiya. Domin kuwa maƙwabcin mai haƙuri ne. Duk wanda ya taɓa zama ajin Baba Malam ya san "domin kuwa", mu ma muna yara da ita muke kwaikwayonsa a ɓoye. Na ajiye jan biro na dafe kai. Ashe mako guda ya yi yana biya musu suna amsawa har suka haddace. Kuma na san ba ha'inci ya nufa ba, Allah ya sani. Baƙuwa za ta zo, 'yarsa ce kuma, za ta kai takardu jami'a, shi ne ya gyara mata yaran kamar yadda ya sa aka share mata fili.

Na kwashi takardun na kai wa mai duba aikina, ina fatan ko zai ce ba komai. Ya zaro uku ya jera a tebur, ya dube su, ya dube ni. "Malama, yaro ɗaya ne ya rubuta duka, ko kuwa a Gude haka ake haihuwarsu?" Da na gaya masa gaskiya bai yi faɗa ba, wanda da ya yi ma ya fi min sauƙi. Ya ce hanya biyu ce. Ko in koma da sabon labari wanda babu wanda ya gani in sake gwada makarantun biyu, ko in cire Gude in nemi wata makarantar. Kuma a cikin mako guda, in ba haka ba zangon karatu zai ƙare kafin makonni shidan su cika, sai dai in jira wata shekarar.

Shekarar ta tsaya min a rai, ba zan ɓoye ba, amma Baba Malam ya fi tsaya min. In na cire Gude, kafin kasuwa ta ci sau biyu duk malaman Kabo da Gwarzo sun ji cewa 'yar da ya tsaya wa ta ɗauke bincikenta daga makarantarsa, kuma kowa zai ƙara nasa gishirin. In na koma, dole ya gane cewa abin da ya yi don ya girmama ni shi ya ɓata min aiki, kuma yaran da yake alfahari da su za su faɗi a gaban idonsa, saura wata huɗu ya ajiye alli. Ko ta ina na juya, ni ce zan zubar masa da mutunci.

Makon nan babu wanda ya ji daɗin zama da ni. Sau biyu ina ƙona miya. Na daka wa autata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har ta kwana biyu tana raɓe-raɓe in ta gan ni. Maigidana, da yake shi komai mai sauƙi ne a wajensa, ya ce, "Ke ma dai da neman wahala. Ki rage musu maki mana, wa zai sani?" Na ce masa in ya gama ba ni shawarar ƙarya sai ya shirya ya je ya tsaya min a gaban dogon nan. Ya ce to in bari sai ranar da tsohon ya tafi taron hedimastoci in lallaɓa in yi gwajina in fito. Wannan ta ɗan shige ni, har na kwana ina juya ta. Amma in shiga makarantarsa a bayan idonsa kamar ɓarauniya? Haba, ai ya ji daga baya ya fi ciwo. Na je wajen Inna ko za ta ƙarfafa min gwiwa, sai ta ƙara min wani nauyin. "Ahir ɗinki," ta ce. "Mutumin da ya rufa mana asiri? Digirin me? Ki bar bawan Allah ya sauka da girmansa."

Duk da haka na zauna na rubuta sabon labari. Na wata mata ce da ta shanya barkono a kan rufin ɗakinta, ta ɗauki ƙwaryar wake ta kama hanyar kasuwa. Ta kai rabin hanya sai ta ga gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗawa, sai ta juya da sauri ta koma gida. Ban faɗi dalilin komawarta a cikin labarin ba, shi ne tambaya ta farko. Na ce da Gude zan fara, kada zuciyata ta karaya. Ban yi fotokofi a Gwarzo ba, don mai shagon abokin kowa ne. Sai da na sauka a Kabo da safiyar ranar na yi, na zuba a ambulan na rungume shi a cikin hijabi. Sau biyu ina buɗe baki in ce wa ɗan acaɓa ya juya, ina fasawa.

Ban yi masa waya ba, don haka babu shara, babu fura. Na same shi a ofis. Na durƙusa muka gaisa, na dinga jan gaisuwar don kada ta ƙare, har lafiyar tumakinsa sai da na tambaya. Sannan na ce an ce in sake gwajin da wani labarin. Ban faɗi dalili ba. Ya ce, "Madalla, ai yaran a shirye suke." Ya miƙo hannu. "Mu gani."

Hannun nan yana miƙe a tsakaninmu. Na ƙanƙame ambulan na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka yi min afuwa. Wannan ba a gani sai yara sun gama. Wancan ma bai kamata in bar maka ba, laifina ne."

Ban ɗago ba, amma na ga hannun ya koma kan tebur a hankali. Can ya ce, "To, Malama. Bismilla, ajin na nan."

Malama. Tunda nake bai taɓa kirana haka ba. Wallahi da marina ya yi da ya fi min.

Na raba takardu. Wannan karon babu mai cewa ya gama. Yara suka dubi labarin, suka dubi juna, suka dubi taga, inda Baba Malam ya zo ya tsaya hannuwansa a baya. 'Yar ƙaramar nan ta bencin gaba tana bin layi da yatsa, bakinta na motsi, da na matsa kusa na ji tana karantawa daidai, ko harafi ba ta tsallake ba. Na leƙa abin da ta rubuta a ƙarƙashin "Me ya sa matar ta koma gida?" sai na ga, "Domin kuwa akuyar ta tsinke igiya." Kuma ba ita kaɗai ba ce. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da na tattara takardun sai ya shigo. Yara suka miƙe suka gaishe shi. Ya ɗauki ta sama ya karanta, ya ɗauki ta biyu, na ga muƙamuƙinsa na motsi. Ya ce, "Ba su saba da baƙuwar murya ba ne. Bari ki gani." Ya gyara tabarau ya fara karanta musu labarin da muryar nan tasa da na sani tun ina 'yar shekara takwas, layi-layi, yana tsayawa, aji na maimaitawa gaba ɗaya. Ya ce, "Wata mata ta shanya barkono," suka ce, "Wata mata ta shanya barkono!" Haka har ƙarshe, babu wanda ya kuskure, har daɗin ji gare shi. Ya ɗan dube ni, ya sauke takardar ya ce musu, "To, me ya sa matar ta koma gida?"

Ajin gaba ɗaya, iya ƙarfinsu: "To, me ya sa matar ta koma gida!"

Ya ce, "A'a, tambayarku nake."

"A'a, tambayarku nake!"

Innalillahi. Baba Malam ya tsaya riƙe da takardar, bakinsa a ɗan buɗe, yara na jiran layi na gaba. Ranar na fara ganin tsufansa. Ban san lokacin da na matsa gaba ba. Ko tsoro nake kada ya ɗauka yaran daƙiƙai ne, ko shirun ne na kasa jurewa, oho. Na ce musu karatu ya ƙare, yanzu hira za mu yi. Na ce, "Jiya innata ta yi shanyar barkono a kan ɗaki ta tafi kasuwa, tana cikin tafiya ta ga hadari ya haɗo, sai ta juyo a guje. Wai ni me ya same ta ne?"

'Yar bencin gaba ta dube ni kamar ni ce marar wayo. "Malama, ai shanyarta za ta kwashe, kada ruwa ya jiƙa."

Sauran suka ɗauka, har da mai cewa barkono in ya jiƙe ruɓewa yake yi. Na zaro takarda guda na ajiye mata na ce, "To ai shi ne a nan." Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, "Au, wai labari ne a ciki?"

Baba Malam ya ajiye tasa a kan tebur ya fita.

Na daɗe ina jera takardun da suke a jere, don kawai kada in bi shi. Da na shiga ofis yana zaune, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na fara ba da haƙuri, ya ɗaga min hannu.

"Karatun aji uku," ya ce, "wanda na koya muku a Gwarzo. Kina tuna shi?"

Ina tunawa mana. Har yau in aka tashe ni daga barci zan biya shi, labarin wani masunci da ɗansa, da inda yake jan murya da inda yake tsayawa. Na biya masa layi huɗu a durƙushe.

"A lokacin kin gane shi?"

Na ce, "Na gane, Baba."

"Ba ki iya ƙarya ba tun kina ƙarama."

Hawaye suka zo min. Na gaya masa gaskiya, sai da na shiga makarantar horon malamai, wata rana ina wanki ina rera shi, kawai na ji abin da kalmomin ke faɗa. Ashe ɗan masuncin nutsewa ya yi a ruwa. Shekara da shekaru ina rera mutuwar yaro ina karkaɗa kai. Kuma da karatun nan na zo ta ɗaya a ajinsa, ya ba ni kyautar fensir a gaban mahaifina.

Ya daɗe yana juya tabarau a hannunsa, sannan ya ce, "Me ya hana ki faɗa min?"

Nan ne na faɗi abin da har yau yake damuna. Da na ce yarinta ce, ko kunya, da ya karɓa. Amma na riga na ce masa a'a sau ɗaya a ranar, bakina ya buɗe. Na ce, "Ba ka taɓa tambayarmu ba, Baba."

Ya ja aljihun tebur ya fito da takardar akuya, har ta yi laushi don ninkewa da buɗewa, bayanta cike da rubutunsa, amsoshin da ya zauna ya shirya musu ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo min. "Ki rubuta yadda kika gani," ya ce. "Kada ki rage komai don ni."

Na rubuta, ban ambaci sunan makarantar ba. Yarana na Getso sun ɗan motsa bayan makonni shidan, na kuma sami digirin a shekarar. Inna ta yi wata guda tana amsa gaisuwata a taƙaice, sannan ta huce.

Baba Malam ya yi ritaya ya dawo Gwarzo, duk Juma'a ina zuwa gaishe shi. Yana karɓata da fara'a, ya tambayi Inna, ya tambayi maigida, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya kamar da. In jikokinsa na karatu a zaure nakan ji yana cewa su kife littafi su gaya masa abin da suka gane. Amma tun daga ranar Gude, Malama yake ce min. Na sha ɗaura niyyar roƙonsa ya daina, in na durƙusa sai in kasa. Juma'ar da ta wuce ma na je, na yi sallama a bakin zauren na kasa kunne, ko Allah zai sa ya manta ya ce 'yar nan.